Mai Turaren da Ya Daina Ƙamshi

Ku faɗa mini tsakaninku da Allah, idan mutumin da sana'arsa sayar da turare ya shigo falonku babu ƙamshin komai a jikinsa, me za ku fara kawowa a ranku? Ni dai ban kawo alheri ba.

Mai Turare muke ce masa a gidanmu, don shagon turare gare shi a bakin babban titi. Wata shida ke nan yana zuwa wurina. Mutum ne da ƙamshinsa ke riga sallamarsa shigowa, idan kuma ya tashi daga kujera sai Mama ta hana kowa zama a wurin, wai a bar falon ya more. Ya taɓa aure, bai ɓoye mini ba. Tun zuwansa na farko ya ce, "Mun rabu, babu ɗa babu jika, kowa ya kama gabansa." Na riƙe maganar nan yadda ya faɗe ta, ku ma ku taya ni riƙewa.

Ni nas ce, a ɗakin bakwaini nake aiki, wato jariran da suka zo duniya kafin lokacinsu. Ɗaki ne mai ɗumi, kwalaben ɗumama jarirai a jere a jikin bango, kowace da ɗan mutum a ciki kamar ka hura shi ya tashi. A can ƙarshen ɗakin akwai kujeru masu jingina inda muke yin goyon ƙirji. A tuɓe jariri daga shi sai nafkin da hula, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata na taɓa fata, a naɗe su da zani. Ɗumin jikinta ya kama shi, numfashinsa ya daidaita, barcinsa ya yi nauyi. Na ga jariran da suka yi ta kwanciya a kwalba sikeli bai motsa ba, aka ɗora su a ƙirji suka fara cika ido.

Shugabarmu, Sista Babba, ba ta ƙi abin ba, amma ba ta ba shi zuciyarta ba.

"Kwalba ba ta gyangyaɗi, ba ta zuwa banɗaki, ba ta amsa waya," haka take cewa kullum. "Ku yaran yanzu, kowane kwas aka tura ku sai ku dawo mana da sabon addini."

Maganar namiji ya yi goyon kuwa, ko jin ta ba ta son yi. Wai ɗaki cike da mata ƙirji a buɗe, ina za ta kai ƙato? Ni ce mai musu da ita a kan haka, har ta raɗa mini Lauya.

Ana nan aka kawo mana wata 'yar mitsitsiya da muke kira Gimbiya, saboda yadda take yamutsa fuska in an taɓa ta. Uwarta ta yi jijjiga wurin haihuwa, tana kwance a bene ba ta san inda kanta yake ba. Kakarta ce kawai ke zaryar asibiti, ita kuma tari take fama da shi, ba a barin mai tari ya shigo mana. Sai ta zauna a benci a baranda tana saƙa huluna da koren zare, ta miƙo mana ta taga. Gimbiya ba ta da ƙirjin da za a ɗora ta, kullum na ɗora ta a sikeli sai raina ya ɓaci.

Da wannan ɓacin ran na koma gida wata Alhamis, Mai Turare ya zo hira. Ban faɗi sunan kowa ba, aikinmu ya hana, amma na zazzage masa cikina.

"Wai yarinya tana da uba a duniya, ko leƙe bai yi ba," na ce. "Tsohuwa ce kawai a baranda, tana ta saƙa da hannun hagu, tabarau ɗaure da zare. Wallahi uban nan da zan gan shi, sai na gaya masa maganar da zai kwana yana juyi."

Ya ajiye kofin shayinsa. "Da hagu take saƙar?"

"Eh. Ka san ta ne?"

"A'a. Mamaki dai na yi." Can ya ce, "Nas, shi wannan goyon, namiji ma yana iya yi?"

Ai kuwa ya sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Na gyara zama na yi masa lacca: ba turare, ba zobe, ba agogo, a yanke farce, a sa riga mai maɓalli a gaba, a kashe waya, a zauna aƙalla awa guda ba motsi. Yana ta gyaɗa kai, ni kuma ina jin daɗi na samu saurayi mai sauraro. Kaico.

Zuwansa na gaba, Mama ce ta fara lura. Ta leƙo daga kicin tana baza hanci.

"Auta, baƙon naki bai iso ba ne?"

"Ga shi nan zaune, Mama."

Ta dube shi, ta dube ni, ta koma kicin. Babu kaftanin nan nasa mai aiki a wuya. Wata farar shat ce a jikinsa mai maɓalli har ƙasa, hannu babu agogo, zoben azurfarsa ma babu. Da na tambaye shi turaren, sai ya ce hancinsa ne ya gaji, mai sayar da abu ai yakan ƙoshi da shi.

Kada ku ce mini ai ga amsa nan a fili. Wanda yake waje shi ke ganin fili. Ni abin da kaina ya fara ba ni daban ne, kuma aikina ne ya ba ni shi: wace ce ba ta son ƙamshin turare? Mai laulayi. Mace mai ƙaramin ciki ce take cewa a fitar mata da kwalaben turare daga ɗaki. Na kwana da wannan tunanin, na tashi da shi, na tafi aiki da shi.

Ga kuma waya. Da, tsakanin la'asar da magariba saƙonninsa har damuna suke yi. Yanzu sai in tura:

"Ranka ya daɗe, an manta da mu ne?"

Shiru. Saƙon ma ba ya shiga. Sai bayan magariba ya amso:

"Afuwan Nas, kasuwa ce ta riƙe ni. Gobe wane duti gare ki?"

Kullum sai ya yi tambayar nan. Safe, in ce masa, duk watan nan safe nake yi. Sai ya turo, "Allah ya taimaka." Da ina ɗauka kulawa ce. Yanzu na fara tambayar kaina me ya sa mutum zai damu da sanin lokacin da ba na nan.

Wata rana na biya ta shagon da gangan, wai zan sayi man shafawa. Maƙwabcinsa mai sayar da takalma ya ce ai kwanan nan da an yi la'asar yake rufewa. Na ce na gode, na tsaya a bakin titi motoci suna wucewa, na rasa ma wacce zan tsayar.

A gida kuwa an sa ni gaba. Manyansa sun aiko suna so su zo ganin Baba ranar Asabar, Baba ya ce ba zai ba kowa rana ba sai ya ji daga bakina. Mama ta same ni a ɗaki ina guge farar rigar aiki, ta zauna a bakin gado.

"Me kike jira ne wai?"

"Mama, mutumin nan ya canza."

"Ya zage ki?"

"A'a."

"Ya daina zuwa?"

"A'a. Ya daina sa turare."

Ta tafa hannu. "Oh ni! Yau na ga ikon Allah. Wasu suna kuka da mashayi, wasu da maƙaryaci, ke naki laifinsa ya daina ƙamshi. Ke dai tun kina goye kike da zargi, nono ma sai kin shinshina kike kamawa."

"Ruwa ba ya tsami banza, Mama."

"To ki zauna kina ɗanɗana ruwa har sa'anninki su aurar da 'ya'yansu. Nan da Juma'a nake son amsa, kada ki sa babanki ya ji kunya."

Ina son shi, kada ku ɗauka ba na so. Da ba na son shi ai da ban damu da inda yake kai la'asar ɗinsa ba.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai a kwanakin nan Gimbiya ce. Sikeli ya fara motsi. A wurin miƙa aiki masu dutin yamma suka ce an samu wani ɗan'uwansu yana zuwa yana yi mata goyon ƙirji, Sista Babba ta yarda da ƙyar bayan kakar ta yi ta roƙo ta taga, aka ja masa labule a lungu. Har rawa na taka. Na ce wa Sista, "Kin gani ko?" Ta harare ni ta ce in bari yarinyar ta fita tukuna kafin in yi kirari. Ko kusa ban haɗa wannan da wancan ba, hankalina yana can wurin mai laulayin da na ƙirƙira.

Ranar Laraba ya zo da daddare kaɗan, bayan isha. Na kawo masa abinci, ya ce bari ya wanke hannu, ya nufi famfon tsakar gida. Ina tsaye riƙe da tawul ina kallonsa. Ya naɗe hannun riga har sama da gwiwar hannu. Ya cuɗa tafi da tafi, ya cuɗa bayan hannu, ya saƙa yatsu cikin yatsu, ya murza babban yatsa shi kaɗai, ya goga kan farce a tsakiyar tafi. Da ya gama, sai ya sa gwiwar hannu ya tura kan famfon ya rufe.

Ba a koyon wannan wankin hannun a shagon turare. Ni nake koya wa iyaye shi a bakin ƙofar ɗakinmu, har da rufe famfo da gwiwar hannu.

Muka koma falo. Ya zauna ya jingina baya sosai, tafin hannunsa ɗaya a kan ƙirji, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tada wani daga barci. Bai ma san yana yi ba. Na yi ta murmushin da bai wuce leɓe ba har ya tafi.

Yana fita na kira ƙawata mai dutin yamma, wadda muke ce wa Rediyo. Saboda bakinta ne ban taɓa nuna mata ko hotonsa ba.

"Wai ɗan'uwan su Gimbiya, yaya kamanninsa?"

"Lafiya? Ko kina ciki ne?" Ta ƙyalƙyale da dariya. "Dogo ne, baƙi, mai ɗan saje, ba ya son magana. Ke, ranar farko ai sai da Sista ta kore shi. Ƙamshi kamar an fasa shago! Ta ce ya je ya yi wanka biyu ya dawo. Wallahi ya dawo, har da sabuwar riga a leda. Kuma kin san wani abu? Ni ban yarda ɗan'uwa ba ne. Ki dubi kunnen yarinyar nan ki dubi nasa."

Na ce mata cajina zai ƙare, na kashe.

Washegari na yi aikina kamar kowace rana, sai dai duk lokacin da na zo kan Gimbiya sai na tsaya kallon kunnenta. Da aka tashi ban tafi gida ba. Na zauna a ɗakin canza kaya da farar rigata, na ce wa masu tambaya kaina ke ciwo. Aka yi la'asar. Na ba shi lokaci ya wanke hannu, ya zauna, a ɗora masa ita, don na san daga nan ba shi da halin tashi.

Ɗakin shiru, sai ƙarar na'urori da tsotson wani jariri. Iyaye mata biyu suna kan kujerunsu, ɗaya tana gyangyaɗi. Na wuce su na je lungu, na ɗaga koren labulen.

Shi ne. Farar shat a buɗe, idonsa a lumshe, Gimbiya a manne a ƙirjinsa da koriyar hularta, robar abinci a hancinta, ɗan hannunta a buɗe a kan fatarsa. Yana buɗe ido ya gan ni ya zabura zai miƙe.

"Kada ka motsa," na ce.

Ku yi tunanin faɗan da aka yi shi da raɗa. A cikina ihu nake so in yi har a ji a bakin titi, amma a ɗakin nan ko cokali ba a yarwa. Ga shi kuma zaburar da ya yi ta sa kan yarinyar ya sunkuya, haɓarta ta danne ƙirjinta, zanin ya sassauta. Idona ya gani kafin zuciyata ta gama tafasa. Na sunkuya na ɗaga haɓarta kaɗan don hanyar numfashi ta buɗe, na juya fuskarta gefe, na gyara ƙafafunta.

"Ɗago bayanka."

Ya ɗago. Na warware zanin na sake zagayo da shi ta bayansa.

"'Yar wa ce?"

"Nas..."

"Ba sunana na tambaye ka ba."

"'Yata ce."

Na ja zanin na ɗaure, wataƙila fiye da yadda ya kamata, don sai da ya ja numfashi. Na sa yatsa na duba, bai matse ta ba.

"Babu ɗa babu jika," na ce.

"Wallahi ban sani ba. Ranar da kika yi maganar tsohuwa mai saƙa da hagu, ranar na sani. Surukata ce. Na zo na same ta a baranda, ta yi ta kuka."

"Idda fa? Don ado ake yin ta? Mace ta bar gidanka da ciki a ce ba ka sani ba?"

"Garinsu ta koma. Aka aiko mini ta gama. Ta ɓoye, ta ce ba ta son abin da zai sake haɗa mu."

"Da ka sani ɗin fa? Kullum kana zaune a falonmu kana tambayata wane duti gare ni."

"Kin ce in kin ga uban sai kin gaya masa maganar da zai kwana yana juyi." Ya yi ɗan murmushin da ba na daɗi ba. "Na ji tsoro. Na ce bari ta ɗan yi ƙwari, in zo miki da maganar a hankali. Kowace rana sai in ce gobe."

Ina kallon na'urar da ke gefensa, numfashinta lafiya lau, bugun zuciyarta a daidai, jikinta da ɗumi. Ban taɓa ganin ta cikin natsuwa irin wannan ba. Ni na yi ta addu'ar Allah ya kawo mata ƙirji, ni na yi musu da Sista a kan a bar maza su shigo, ga shi an amsa mini.

"In kin ce kada in sake taka gidanku, ba zan taka ba," ya ce. "Amma don Allah kada ki sa a hana ni zuwa nan. Ba ta da kowa sai ni da tsohuwar nan."

Na ji haushin yadda maganar ta shige ni. Mutumin da ya rufe shagonsa, ya ajiye turarensa, ya yi wanka biyu don wata tsohuwar nas ta kore shi, anya mugu ne? Ko kuwa wanda ya iya ɓoye abu a gabana yana murmushi, zai iya ɓoye wanda ya fi shi?

Wayata ta yi motsi a aljihu. Na koma bayan labule na duba. Mama ce.

"Auta kina ina har yanzu? Babanki ya dawo. In ce masa su zo Asabar ɗin?"

Na daɗe ina kallon saƙon. Na leƙa ta gefen labule, na ga ya sunkuyar da kai yana yi wa yarinyar wata 'yar waƙa da ba ta fita sosai. Allah ya sani, zuciyata ta karye. Na rubuta, "Su zo." Yatsana yana kan wurin turawa ke nan Rediyo ta faɗo lungun, tana haki, fuskarta cike da fara'a. Ko mamakin ganina ba ta tsaya yi ba.

"Albishirinku! Kaka ce ta aiko ni, tana bakin taga tana kukan murna. Maman Gimbiya ta farka, har ta sha ruwa." Ta juya wurinsa. "Malam, kai take nema. Tana buɗe ido ta ce ina 'yarta, ina mijinta."

Mijinta.

Na dube shi ina jira ya gyara mata. Kalma ɗaya ce, tsohon mijinta, ko yaro zai iya faɗa. Bakinsa ya buɗe, ya rufe. Na kai hannu kamar zan gyara hular Gimbiya, bayan yatsuna ya taɓa ƙirjinsa, na ji zuciyarsa tana dukan da ta fi ta jaririyar sauri.

Na goge saƙon, harafi bayan harafi, na mayar da wayar aljihu.

Ya yunƙura zai tashi. Na dafa kafaɗarsa na mayar da shi kan kujera.

"Awarta ba ta cika ba," na ce. "Zauna. Ni zan hau benen in gaishe ta."